Saƙon Gwaggo a Tafin Hannuna

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da direba da ɗan yayana marigayi. Saurayin haihuwar Ingila ne. Ubansa ya tafi can karatu tun kafin a yanke mana jiha daga Sakkwato, ya yi aure, can kuma ƙasa ta rufe masa ido. Mu a gida ɗan Ingila muke ce masa, yana kuwa amsawa.

Wajen Gwaggo za mu, ƙanwar mahaifinmu. Ita ta riƙe yayana tun daga yaye, saboda ɗan fari ne, innarmu na kunyarsa. Aure ya kai ta wani ƙauye a Benin, ƙetaren garin Tsamiya na bakin iyaka kaɗan. Yanzu idonta ya tafi, bara kuma ta karye a ƙugu, ko babur ba ta iya hawa. Tun da ta ji jikanta ya shigo ƙasar take aiko da magana ɗaya: a kawo mata shi ta taɓa.

Shi doguwar tafiya ya fito. Ya bi Maroko da Senegal da Gambiya, inda fasfonsa ke shigar da shi ba biza, sai dai a yanka masa wa'adi. Najeriya da biza ya shigo, ita ma da nata wa'adin. Shi ya sa kullum yana lissafin kwanaki, muna yi masa dariya. Ya ce, "Baffa, yaushe za mu je wajen Kaka?" Na ce Gwaggo ai tana nan, ba inda za ta. Muka yi ta yawo da shi gida-gida, Argungu, Jega, biki nan, suna can, kowa na cewa in bai kwana gidansa ba an raina shi. Ba mu farga ba sai da ya rage masa abin da zai kai shi Abuja ya hau jirgi, da rarar yini ɗaya. Ita ce muka ware wa Gwaggo.

Ƙarshen damina ne, hanya ta ci ruwa ta ƙoshi. Daga Kende zuwa Bagudo direba ya fi kallon ramuka bisa kallon gabansa, har belin mota ya tsinke a bakin gari. Muka saya wajen wani Inyamuri mai kayan gyara, wanda Hausarsa ta Kabi ta sa ɗan Ingila jin kunyar tasa. Da ya ji inda muka nufa, ya dubi baƙon namu ya ce, "Alhaji, wanga ya ɗauko biza kuwa?" Na ce wace biza, gidan gwaggonmu za mu. Ya ce to, Allah shi kiyaye hanya. Ni da girmana na ɗauki maganar ta shisshigi.

Muka haye kogin Kwara ta gadar Tuga, ruwa ya cika ya batse. Wajen Kaoje gonakin shinkafa rabi kore ne, rabi sun nutse, manoma na shiga da kwalekwale suna ceto abin da ya samu. A bakin hanya muka ci soyayyen kifi da yaji, da kuɗin da a Birnin Kebbi ko kan kifin ba zai saya ba. Ɗan Ingila ya ci yana hawaye yana cewa a ƙaro.

Da azahar muka isa iyaka. Ni na miƙa katina na shaidar ɗan ƙasa, ko minti ba a yi ba aka maido mini. Jami'in ya daɗe yana juya fasfon ɗan Ingila, sannan ya yi mana bayani cikin mutunci. Benin ba ta cikin ƙasashen da ke barinsa ya shiga haka nan. Bizarta ana nema ta intanet, da mun nema tun da wuri da an wuce wurin. Kuma tasa ta Najeriya shiga ɗaya ce, in ya fita ya fita ke nan, jirginsa kuwa yana Abuja. Fasfon da ya buɗe masa ƙasashe ya kasa kai shi gidan kakarsa, nawa katin da ya sha gumi a aljihu ya wuce.

'Yan kabu-kabu suka kewaye mu da baburansu, kowa ya san hanyar daji. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Shi ya girgiza kai, ya ce in aka kama shi ba zai ƙara shigowa ƙasar ubansa ba. Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi.

Ni kaɗai na hau babur. Tafiyar ba ta kai a dafa shinkafa ba. Na tarar an share tsakar gida, an yanka rago, Gwaggo na kishingiɗe bisa tabarma cikin zanen Sallarta. Ta saurari takuna ta ce, "Kai ɗai kat taho?"

Na kwashe bayanin biza na faɗa mata. Ta ce, "Mi ab biza? Ba ga Tsamiya nan ba? Da ƙahwata nike zuwa kasuwatta."

Na kira shi a waya na kara mata a kunne. Ya gaishe ta da 'yar Hausarsa, ya ce baɗi zai dawo. Ta ce muryar ubansa ce sak. Da aka kashe wayar sai ta ce mini, "Baɗi ta masu rai ta. Miƙo hannunka." Ta kama hannuna na dama, ta yi addu'a a ciki, ta shafa tafinta a kan nawa, ta naɗe mini yatsu. "Ka kai mishi bisa kai. Kak ka gaisa da kowa sai ka aza."

Haka na dawo, kwanon nama ɗaure bayan babur, hagu na riƙe da ɗan kabu-kabu, dama a dunƙule. Duk wanda muka wuce ya ɗauka jinjina nake masa, har wani tsoho ya maido mini da "ranka shi daɗe". Aka kira la'asar a hanya ban tsaya ba, don alwala za ta wanke saƙon. Jami'in nan ya miƙo mini hannu, na ba shi gwiwar hannu na ce ya yi haƙuri, ɗauke nake da kaya.

Na sami ɗan Ingila zaune a benci. Na ce ya cire hula, na buɗe hannuna na aza masa. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Direba ya juya ya tafi duba tayar da ba abin da ya same ta.

Mun iso gida bayan isha, washegari ya kama hanyar Abuja. Na taso ina jin ana cewa zumunta a ƙafa take, ban taɓa tunanin ƙafar wani tana da wa'adi ba. Baƙo in ya zo, a fara kai shi wajen wanda ba ya iya tasowa, masu ƙafa su biyo shi can. Mun rabar da kwanakinsa ga mutanen da za su iya hawa mota su same shi, ita kuwa da ta goya ubansa muka kai mata murya a waya. Har yau in na zo alwala na wanke dama, sai na tuna ta.