Pantekar Turai

Duk wanda firjinsa ya daina sanyi a Barnawa, wurin Baba Jethro ake tura shi. Shagonsa yana jikin shagona na aski, bango ɗaya ne tsakaninmu. Mutumin Zonkwa ne. Ya zo Kaduna yana saurayi da akwatin kwano ɗaya, ya yi shekara shida a wata masaƙa a Kakuri, sannan ya bari ya kama gyaran firji da fanka da dutsen guga. Matarsa, Mama Martha, ta rasu shekara biyar kafin wannan labari, ta bar shi da 'ya ɗaya, Scholastica, nas a wani asibitin mishan.

A ƙofar shagonsa akwai wani mataccen firji da aka kwantar, shi ne bencinmu. Da an ɗauke wuta aiki ya tsaya, sai mu taru a kansa. A shekarar 1999, da soja suka koma bariki, hirar ta canja. Da can sai an waiga kafin a ambaci gwamnati. Yanzu kowa ya samu baki, kuma gardamar da ta fi daɗi ita ce wace ƙasa ce ta fi kowace a duniya.

Alhaji Usman, mai sayar da firji na hannu a tsallaken titi, Saudiyya yake bi. "Kwana arba'in na yi can, wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba."

Saja Sunday, tsohon soja mai ritaya, Burazil yake so, ko da yake a talbijin kaɗai ya san ta.

"Burazil ɗin da yaranmu suka lallasa a ƙwallo?" in ji Alhaji. "Saja, nemi wata."

Baba Jethro bai taɓa zaɓar wadda ta fi ba. Shi ta ƙarshe ya sani, wato Beljiyam. A wurinmu duk kayan da aka yi amfani da su a Turai aka kawo nan, mota ce ko rediyo ko firji, Beljiyam muke ce musu.

"Shekara ashirin ina buɗe bayan firji," yakan ce. "Na ga na Jamus, na ga na Italiya, na ga na Japan. Ban taɓa ganin wanda aka ƙera a Beljiyam ba. Ba sa ƙera komai. Tsofaffin kayan mutane suke tarawa su turo mana."

Ana cikin haka sai takarda ta zo wa Scholastica. Tun da aka koma mulkin farar hula, Turawa suka sake buɗe ƙofar karatu, asibitin da take aiki ya tura sunanta, aka ɗauke ta kwas na shekara ɗaya. A ina? A Beljiyam. Dole ta aika amsa ta gidan waya ranar Juma'a, in ba haka ba a ba wata. Ta ce ba za ta aika ba sai babanta ya sa albarka. Shi kuwa ya ce a'a.

Ran Laraba da yamma babu wuta, muna kan benci, ta zo da farin kayan aikinta da kular tuwo a hannu. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye masa kular.

Alhaji Usman ya ce, "Sista, me za a koya miki can?"

"Cututtukan ƙasashe masu zafi, Alhaji. Zazzaɓin sauro da makamantansa."

Baba Jethro ya tafa hannu. "Kun ji ko? A ƙasar ƙanƙara za a koya mata sauro! Ki zo bayan shagon nan da magariba, kyauta zai koya miki."

Muka yi dariya, har da ita.

"Da Burazil ce da ka yarda," in ji Saja.

"Da ko Kamaru ce da na yarda. Amma Beljiyam? Ai Pantekar Turai ce."

Panteka ita ce kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, inda ake kai duk abin da ya mutu. Scholastica ta zauna a gefen bencin ta gyara hularta.

"Baba, da ka bar masaƙa, a ina ka koyi gyara?"

Ya buɗe kular ya leƙa, kamar bai ji ba.

"A Panteka!" Alhaji ya amsa masa. "Ni shaida ne. Can na fara ganinsa, baƙi ƙirin da mai, kamar gindin tukunya."

"To in Panteka ta fitar da Baba Jethro," in ji ta, "me zai hana ta Turai ta fitar da 'yarsa?"

Saja ya miƙe ya sara mata. Amma Baba Jethro bai yi dariya ba wannan karon. Ya rufe kular a hankali.

"Ba ki gane ba, 'yata. Jiya Alhaji ya kawo mini wani firji. Na buɗe, waya ɗaya ce ta tsinke. Waya ɗaya! A kanta suka yar da shi, lafiyarsa ƙalau. Mutanen da abu in ya tsufa ba sa buɗewa su duba. Ki zauna da su shekara guda, ki dawo ki tarar da ni da ciwon gwiwa da ido ɗaya da rabi, me za ki gani?"

Ni dai na tsura wa takalmina ido.

"Haba Baba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ni da nake wanke tsofaffin wasu kullum a asibiti, babana zan yar? Kuma na sa hannu zan dawo in yi wa asibitinmu aiki. Ko na so zama, Sista babba za ta biyo ni da bulala."

"Kwantar da hankalinka, Jethro," in ji Alhaji. "Ko ta yar da kai ni zan tsince ka. In fesa maka fenti, in ce jiya aka sauke ka daga jirgin ruwa."

Sai ga ihun yara daga cikin unguwa, an kawo wuta. Kowa ya tashi ya nufi aikinsa. Baba Jethro ya shige shago. Ran Alhamis ban ji muryarsa ba, sai ƙarar guduma ta bango.

Ran Juma'a da safe ina share ƙofa na ga ya rufe shago, yana sanye da rigar da yake zuwa coci da ita. Scholastica tana tsaye kusa da babur ɗinsa da ambulan a hannu.

"Godwin," ya kira ni, "in wani ya zo ka ce na je gidan waya. Ban yarda da yaran nan ba, sai su manna kan sarki a karkace."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro sukudireba mai jan kai da 'yar testar gwada wuta, ya miƙa mata.

"Ki sa a jakarki tun yanzu. In dutsen gugarki ya lalace can, kada ki bi nasu. Ki buɗe ki duba."

"In na kasa fa, Baba?"

"Ki dawo da shi gida. Hau mu tafi, kada layi ya yi tsawo."