Wadda Ta Ɗora Sharata A Kan Manya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jama'ar da kuke bin wannan shafi na Daga Taga, assalamu alaikum. Yau ba mai shafin ce ke rubutu ba, uwarta ce. Allah ya yi mata rasuwa ranar Laraba, tara ga watan Yuli, 2025, cikin watan cika-ciki, da hantsi, a asibiti nan Daura. An yi mata sutura bayan azahar a ƙofar gidan mahaifinta, Malam Badaru mai fataucin awaki. Shekararta ashirin da bakwai. Ciwon sikila ne, da shi aka haife ta. Yau kwana tara ke nan.

Ku yi haƙuri da rubutuna. Ni karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, danna wayar ma ita ta koya min, da yatsa ɗaya nake yi.

Kun ga ban faɗi sunanta ba. 'Yar fari ce. Mu a yadda muka taso, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta zama kusa da shi ana hira. Alkunya ce, haka uwata ta yi wa yayana har ta koma ga Allah. To ni ma haka na yi. Shekara ashirin da bakwai, "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Abin da ya zaunar da ni yau da wayarta a hannuna ke nan. Akwai maganar da ta roƙe ni ban yi mata ba, ita nake so in yi, in Allah ya ba ni iko kafin in kai ƙarshe.

To bari in juyo gare ki, yarinyar nan.

Kin tuna shekarar da ciwo ya kama miki ƙugu? Wata huɗu kina kwance. Makarantar da kike so kamar ranki, dole kika bari. Ba ciwon ne ya fi tsorata ni ba, ai mun saba da shi. Shirunki ne. Kika juya fuska bango, kunu sai an yi da gaske, ƙawaye su zo ki yi kamar barci kike. Ƙanwarki Zulfa ta yi ta ba ki labarai, ko uhm. Ni kuwa sai in tsaya a bakin ƙofa in ce, "A tambayi yarinyar nan ko za ta ci ɗanwake." Ina ganinki kina ganina, amma wai a tambaye ki.

Sai babanki ya dawo daga Kano da waya mai ɗaukar hoto. Ya ajiye miki a gefen filo ya ce, "Ga shi, amma kada in ga fuskar matar wani a ciki." Kin san lokacin malamai sun yi ta jan kunne a kan yawo da hotunan mata. Ranar ne kika yi magana mai tsawo ta farko. Kika ce, "Baba, fuska ai kowa yana da ita. Ni ba ita nake nema ba." Kuma kin riƙe wannan alkawari har kika bar duniya. Duk mai bin shafin nan shaida ne, babu fuskar mutum ko ɗaya.

Washegari da safe na gama sharar tsakar gida, ina ajiye tsintsiya sai na ji dariya daga ɗakinki. Wallahi sai da gabana ya faɗi, na ce ko zazzaɓi ne ya hau miki kai. Zulfa ta fito da wayar ta nuna min. Ƙasa ce kawai. An yi yayyafi, ƙasar ta yi laushi, ga sawun tsintsiya layi-layi a lanƙwashe, wani yana hawa kan wani. Kin ɗauka ta taga kina kwance.

Na ce, "Wannan kuma mene ne?"

Kika ɗaga murya daga ciki, "Inna, rubutunki ne! Kullum kina rubutawa kaji suna gogewa."

Na ce Allah ya shirye ki. Amma da na koma madafi sai da na zauna a kan turmi. Wata huɗu ban ji dariyarki ba.

Daga ranar kika kafa wa kanki doka, hoto ɗaya kullum. In kin sha ƙwayar ƙarin jini sai ki ɗauki waya ki ce, "Saura ɗaya ƙwayar." Hoton kike nufi. Ranar da ciwo ya yi tsanani ma sai kin ɗauka, ko da inuwar labule ce a bango. Na taɓa jin kina gaya wa Zulfa, wai in mutum ya san dole ya samo abu ɗaya mai kyau kafin rana ta faɗi, to idonsa ba zai samu sukunin zama a kan ciwo ba. Ni ina bayan ƙofa ina tankaɗe, na yi kamar ban ji ba. Na ji.

Da kika samu ƙarfin fitowa da sanda, ba abin da kika bari a gidan nan. Gashin zabuwa. Bakin faifai. Raɓa a kan ganyen zogale. Tsagewar tsohuwar ƙwaryata da na ɗinke da zare. Ɗan akuya yana barci a cikin kwando. Ni duk ina ganin shirme ne, na ce wa babanki yarinyar nan sai ta ɗauki hoton tokar murhu wata rana. Ashe kin riga kin ɗauka.

Sai kuma hannuna. Tunda na hana ki fuskata, kika bi hannun. Ina dama fura, ina tsinke yakuwa, ina ƙulla daddawa, sai in ji ƙyas. In ce, "Ke, tafi can!" Ki ce, "Ai ba ke na ɗauka ba Inna, ludayi na ɗauka." Ƙarya kike, Allah ya yafe miki, ga tabon ƙunar babban yatsana nan ɓaro-ɓaro a kowane hoto.

Ban san inda abin zai kai ba sai da kika fara zanen hula. Ki buɗe hoto, ki zuba masa ido, ki ɗauki biro ki fitar da shi a kan farin ƙyalle, matan unguwa su karɓa su ɗinka. Kowane zane da sunan da kika raɗa masa. Akwai gashin zabo, akwai bakin faifai. Amma wanda ya fi tafiya shi ne wanda kika kira sharar Inna. Layukan tsintsiyar nan ne dai, kika jera su suna zagaye hula da zare ruwan ƙasa da fari.

Babanki ya fara sawa ranar wata Juma'a. Ya dawo yana ta murmushi, wai wani Alhaji daga Zango ya tare shi a bakin masallaci sai ya gaya masa inda aka yi ta. Kafin shekara ta zagayo, na je gidan suna, ina wucewa ta ƙofar gida inda maza ke zaune, na ɗan saci kallo. Mutum uku, manya masu furfura, kowa da sharata a kansa! Na ja mayafi na toshe baki. Da na dawo na kasa haƙuri na gaya wa Zulfa, da ƙarfi yadda za ki ji daga ɗaki. Kika ce, "Inna, kin ga yanzu ke ce sama da kowa a Daura." Na ce, "A gaya wa yarinyar nan ta rage surutu." A raina kuwa kamar in ɗauke ki in goya.

Abin da ban sani ba sai bayan ranki, shi ne mutanen da kika riƙe ta cikin wayar nan. Ranar sadakar uku wata mata ta shigo, ba wanda ya san ta. Ta ce sunanta Talatu, daga Sandamu ta hau mashin ta zo. Ta bi matan da ke zaune da kallo, ba fuska take dubawa ba, hannuwa take dubawa. Da ta iso kaina ta ga tabon, sai ta durƙusa ta kama hannun ta ce, "Ke ce Inna."

Ta ba mu labari. Ta haifi tagwaye, duka suka koma cikin mako ɗaya, ta shiga wani hali har tashi daga shimfiɗa ya gagare ta. Ta ci karo da shafin nan, ta rubuto miki cewa ita ba ta ganin komai mai kyau a duniya. Kika ce mata, "Yaya Talatu, ban yarda ba. Tashi ki leƙa waje, abin da idonki ya fara sauka a kai ki turo min." Ta turo miki hoton bokiti. Kika ce bokitin ya yi kyau, gobe a turo wani. Ta ce kusan shekara biyu, in rana ta yi tsaka ba ta turo ba, sai ta ga saƙonki, "Ina ƙwayar yau?" Har ranakun da ke kanki ana miki ƙarin jini. Ta buɗe wayarta ta nuna mana, daga bokiti har gonar gyaɗarta ta bana, har ƙafar jaririn da ta haifa da azumin nan.

Sai ta ce min, "Inna, ni fa Daga Taga kawai na sani. Mene ne sunanta na gaskiya, in riƙa sa ta a addu'a?"

Na buɗe baki. Wallahi ya ƙi fita. Matar nan ta taso tun daga Sandamu saboda ke, ni da na haife ki na kasa. Zulfa ce ta faɗa mata. Tsofaffin da ke wurin suka ce madalla da Haulatu, akwai kunya. Ni kuwa ban ji daɗin yabon ba ko kaɗan, don na tuna ranar Litinin.

Litinin ɗin nan, kwana biyu kafin tafiyarki, da la'asar a gadon asibiti. Kin sha roƙona mu ɗauki hoto tare ina ƙi. Ranar kika ce, "Inna, ko hannu ne." Na waiga, ba kowa sai Zulfa. Na miƙa. Kika ɗora naki mai allurar ƙarin ruwa a kan nawa, kika ɗauka da ɗayan. Shi ne hoto na ƙarshe da kika ɗauka a wayar nan. Sannan kika ce, "Saura abu ɗaya. Kira sunana in ji yadda yake a bakinki."

Na yi dariya na ce, "Ke dai sha kununki."

Kika yi murmushi kika sha. Ba ki sake tambaya ba. Na ɗauka akwai gobe, tunda sau nawa muna zuwa asibitin nan muna komawa gida.

Ba na zagin al'adarmu. Uwata ba ta ƙi yayana ba, ni ma Allah ya sani ban ƙi ki ba, ke ma kin sani, in ba haka ba da ba ki cika waya da hannuna ba. Amma kin roƙi abu ƙarami na hana ki, kuma kin cancanci wanda ya fi shi.

Yau da safe an yi yayyafi. Na yi shara, na tsaya na dubi layukan kafin kaji su sauko. Na ɗauko wayarki na ɗauka. Ya karkace, kuma ga ɗan yatsan ƙafata ya shigo ciki, da kina nan da kin yi ta dariya har ƙugunki ya motsa. Zan sa shi a ƙasan rubutun nan haka nan yadda yake. Talatu, ke ma ina jiran naki, kada ki ce don ba ta nan. Ina ƙwayar yau?

Ina tsaye da tsintsiya a hannu, na juya wajen tagarki na faɗa da ƙarfi, har babanki ya fito daga turaka ba hula. Tunda na iya faɗa a tsakar gida, zan iya rubutawa.

Ikilima.

Sunanta Ikilima Badaru. 'Yata ce, ni na haife ta, ita ce ta fari, kuma ban taɓa ganin mai haƙuri da kaifin ido kamarta ba. Duk wanda ya ga hular nan a kan wani, ya san aikinta ne. Ina alfahari da ita, a gaya wa kowa.

Malam, sannu da haƙuri, kai ka kawo wayar, Allah ya sa a mizaninka. Zulfa, sannu, kin yi jinya kin yi ƙanwa, Allah ya ba ki masu yi miki. Matan unguwa masu ɗinki, da ku mutanen shafin nan da ban san fuskokinku ba, ina yi muku gaisuwa kamar yadda kuke yi min, don rashin namu ne duka.

Ya Allah ka jiƙan Ikilima. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka buɗe mata taga zuwa Aljanna ta riƙa kallo. Ka sa iyakar wahalarta ke nan. In tamu ta zo ka sa mu cika da imani, ka haɗa ni da ita a inda zan kira ta ta amsa.

Amin summa amin.

Innar Ikilima,
Haulatu, Daura.