Tarwaɗar da na kai coci

Ina cikin taka rawa zuwa gaban coci da bokiti a ka, sai tarwaɗa ta yi tsalle ta faɗa tsakiyar matan zumunta. Waƙa ta koma ihu, mai ganga ya haye benci.

Lahadin godiyar kaka ce, kowa da buhun shinkafarsa. Ni kuwa kanal ya ɓalle ya cinye gonata a Bunkure, kifi kawai na tsinta a ciki. Don kunya na so in ƙi zuwa, mahaifiyata ta kora ni.

Fasto da kansa ya danne ta da hularsa, yana haki.

"Bitrus, amfanin gonar ke nan?"

"Baba, ruwa ya ci shinkafar. Wannan ya bar mini."

"To, gode wa Ubangiji, ɗana. Duk masu buhunan nan gaya za su ci, kai ne mai miya!"

Na shigo ina ɓoye fuska, na fita mata suna tambayata ko da saura.

Ku fa, me kuka taɓa rainawa, alhali kyautar Allah ce?