Ɗakin Ƙasa da Baba Saje Ya Nemo Wa Mahaifina

Ina tsaye gaban allo a aji biyar, ranar Talata da hantsi, wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, amma da ta buga karo na uku sai na fita baranda. Madam Ngozi ce, mai shagon kayan masarufi da ke jikin shagon Baba Saje Markus. Tana kuka, da ƙyar na tsinci maganarta: "Malama Ladi, Saje ya tafi. Da safen nan, yana buɗe ƙofa ya faɗi." Na zauna a kan dakali da alli a hannuna. In faɗi gaskiya, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne wata magana da na yaɓa masa bara, wadda har ya rasu ban je na nemi gafararsa a kanta ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Saje tsohon soja ne, a sashen sadarwa ya yi aikinsa har ya yi ritaya. Da ya dawo Zuru bai sayi motar haya ba kamar abokansa. Kwamfuta shida ya sayo, ya kafa wani faifan kama intanet a kan rufin shago, ya buɗe kafe na intanet, mutane na ta yi masa dariya. Ba a jima ba matan sojojin da mazansu ke aiki a ƙasashen waje suka riƙa yin layi a ƙofarsa. Wadda ba ta iya rubutu ba, ta faɗa da Hausa ko da Dakarci, yaren garinmu, shi ya buga mata, kuma ba a taɓa jin sirrin gidan wani ya fita daga bakinsa ba. In janareta ya mutu kana tsakiyar aiki, sabon lokaci zai ba ka daga farko. Mu malaman makaranta shi ya koya mana riƙe linzamin kwamfuta. Yakan ce mana, "Kada ku ji tsoronta, ita ma umarni take jira kamar kurtu."

Bara ƙugun mahaifina ya ƙi. Shi ma tsohon soja ne, Kofur ake ce masa, kuma sai da ya kai ba ya iya zuwa bayan gida sai an riƙe shi. Likitoci suka ce aiki za a yi masa, aka daidaita a kan wani asibiti a Indiya. Dangi suka haɗa abin da ya samu, ƙanena da ke aikin soja a waje ya ɗauki babban kaso. Asibitin ya ce bayan an sallame shi sai ya zauna kusa da su na wasu makonni, kuma masauki a kanmu yake. Ni da mahaifiyata za mu raka shi. Neman ɗaki ya faɗo a kaina, tunda ni ce wai mai ilimin kwamfuta a gidan.

Na je kafe na buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ake kama ɗakin otal a cikinsu. Ban daɗe ba na ga wani ɗaki mai arhar da ta ba ni mamaki: gado biyu, farin zanen gado, labule har ƙasa, ga jan rubutu a gefe yana cewa saura kaɗan. Da sauri na kira shi.

"Baba Saje, zo ka tabbatar mini da wannan kafin wani ya riga ni."

Ya jawo kujera ya zauna, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Malama, a hawa na nawa yake?"

Wallahi ko kusa tambayar ba ta taɓa zuwa kaina ba. Mu da muka tashi a unguwar Rikoto, daga tsakar gida sai ɗaki, wa yake tunanin bene in an ce masauki? Ya gangara ƙasan shafin, inda waɗanda suka taɓa kwana a wurin suke rubuta ra'ayinsu. Ya tsallake masu yabo duka. "Kullum ki fara da waɗanda suka yi fushi," in ji shi, "su ne suka ga abin da mai hoto ya ɓoye." A can muka tarar da wani yana ƙorafin cewa ɗakunan arhar duk a hawa na huɗu suke, kuma babu na'urar hawa sai matakala.

Na ce, "Sai a ɗauki mahaifina a hau da shi."

Ya ce, "Wa zai ɗauke shi? Ke ko mamarki? Ba ni kwana uku."

Muna cikin wannan ja-in-ja lokacina ya ƙare, na sayi wani. Kafin shafin ya sake buɗewa, don intanet ɗinmu tafiyar kunkuru take yi, ɗakin ya tafi. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin baki, duk wanda ya san ni ya san haka. Na miƙe a gaban mutane, shago cike, na ce, "Baba Saje, in so kake in yi ta sayen lokaci a shagonka, ka fito fili ka faɗa, ba sai ka yi wasa da lafiyar ubana ba!" Mutumin da ya girmi mahaifina. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya ce, "Ki gaishe mini da Kofur." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ranar kwana na uku da la'asar na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gidanmu. Ina ɗaki, ina jin sa yana yi wa mahaifiyata bayani. Ya duba shafuka uku ya gwama farashinsu. Ya bi taswira ya ware masaukan da ke kusa da asibitin. Sannan ya rubuta wa mai wani ƙaramin masauki wasiƙa kai tsaye, ya gaya masa mara lafiya ne, kuma zama ne na makonni, ba kwana biyu ba. Mutumin ya yarda ya ba mu ɗaki a ƙasa, da ɗan wurin girki, a farashin da bai kai na wancan da na yi haushi a kansa ba, kuma sai mun isa za mu biya. Ya bugo komai a takarda, har da sunan titi da manyan baƙaƙe don mu nuna wa direba. Mahaifiyata ta ƙwala mini kira sau biyu. Na yi lamo kamar ina barci, kunya da girman kai suka danne ni.

A ɗakin da Baba Saje ya nemo mana mahaifina ya koyi tafiya karo na biyu. Daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gindin wata bishiya a tsakar gidan, da sanduna biyu, daga baya da ɗaya. Mahaifiyata na tuƙa masa tuwo da garin dawar da ta ƙullo daga gida. A asibiti na haɗu da wasu 'yan ƙasarmu da suka kama ɗaki a sama, kullum sai sun nemi ƙarti biyu su sauko da tsohuwarsu a kan kujera, tana salati tana kuka. Ranar na koma masauki na kasa cin abinci.

Da muka dawo na ce gobe zan je. Goben ta zama mako, ta zama wata. Na koma wani kafe can gefen kasuwa, in ɗan kabu-kabu ya bi da ni ta gaban shagonsa sai in kau da kai. Ba ni da wani uzuri, kuma ba zan ƙirƙiro shi yau ba.

A gidan makoki na durƙusa gaban matarsa, Mama Saratu, na gaya mata duka, ban rage ko kalma ɗaya ba. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Wace magana? Bai taɓa gaya mini ba. Na dai san kwana uku a shago ya ci abincin rana, ya ce ɗakin Kofur yake nema."

Na ce, "Mama, kina ganin ya yafe mini?"

Ta ce, "'Yata, abin da bai faɗa ba ba zan sa masa a baki ba. Ni dai nawa na yafe."

Ranar jana'iza aka kawo wa mahaifina mota daga majami'a zuwa makabarta, ya ƙi shiga. Ya ce da ƙafarsa zai raka Saje. Ya taka har can a bayan akwatin, a hankali, ni ina gefensa, kuma bai nemi in riƙe shi ba ko sau ɗaya.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Markus, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutawa a wurinka. Ka riƙe Mama Saratu da 'ya'yansa da jikokinsa, ka share musu hawaye, kada ka bar su su rasa mai tsaya musu kamar yadda ya tsaya wa mutane. Ni kuma da na bari har ƙasa ta rufe shi ban buɗe baki ba, ka yafe mini. Baba Saje, na yi maka laifi, ka yi haƙuri. Amin.