Makullin da Na Sa wa Ƙaryata

Karatu ya kai ni Alƙahira, ba damfara ba. Ɗan Maradi ne ni, na iya larabcin littafi, na iya faransanci, kuma tun ina ƙarami ake cewa bakina ya fi ƙarfin shekaruna. Da na sauka, wani dattijo Bahaushen Sudan, tela, Baba Idrisa, shi ya ba ni wurin kwana a gidansa na unguwar Hadayik el-Ma'adi. Matarsa Inna Zahra takan ajiye mini kisira, gurasarsu ta Sudan, da miya ko da ban dawo da wuri ba. Ba dangina ba ne, Hausa kawai ta haɗa mu.

A shekara ta biyu karatu ya fara gundurata, na koma zaman gidajen gahawa a Wustul Balad, tsakiyar birni. Can na haɗu da wani Bamisire da ake kira Duktur, ko da yake bai taɓa duba mara lafiya ba. Wata rana ya ce mini shi ɗan tafarkin Shaiɗan ne. Na yi a'uziyya, ya yi dariya.

Ya ce, "Kwantar da hankalinka. Ba ma bauta masa, don a wurinmu babu shi. Sunansa tuta ce kawai. Muna shiga ɗaki mai duhu, mu kunna kyandir, mu kira sunaye, muna sane tatsuniya ce. Zuciya na son tatsuniya, sai mu ba ta, ta huce. In mun fito mu bar ta a ɗakin. Laifi ɗaya ne, ka manta cewa kai ka ƙirƙira ta."

Ya ce akwai kuma ƙaramin sihiri, wanda ba kyandir a cikinsa: ka karanta fuskar mutum, ka san abin da yake tsoro, ka juya shi. Wawa kuwa, in ji shi, abin da ya same shi shi ya saya.

Zan yi masa adalci, bai taɓa cewa in damfari kowa ba. Shi wa kansa yake wasansa. Ni ne na ga kasuwa a ciki. Kuma maganarsa ta yi mini daɗi ne don ta ba ni mafita. Na ce wa kaina ai ni ba boka ba ne, boka ya yarda da aljanunsa, ni kuwa na san babu komai. Da wannan na riƙa wanke kaina, har ina salla.

Na kama ɗaki a unguwar Faisal, na rufe tagogi da baƙin yadi, ko da azahar ka shiga sai ka ce kabari. Masu jiran iƙama, wato takardar izinin zama, masu neman ƙetare teku, matan da mazansu suka yi shiru, duk suka riƙa zuwa. Kafin mutum ya zauna na san ciwonsa, don dukkanmu ciwonmu ɗaya ne. In na gama rawar jiki da sauya murya, sai in sa abin da nake kira makulli. Nakan ce, "Aljanin zai nemi dawowa ta hanyar shakka. Duk wanda ya ce muku aikin nan ƙarya ne, ko da ni ne da bakina, ku sani shi ne ke magana." Wallahi har alfahari nake da wannan dabara, don ba wanda ya taɓa dawowa neman kuɗinsa.

Ana nan sai ga Baba Idrisa da Inna Zahra a bakin ƙofata. Ƙodarta ta lalace, ana yi mata wankin jini a asibiti, ta gaji da allura da hawan mikrobas, ƙaramar motar haya. Wata maƙwabciya ta ce musu jifa ne.

Baba ya ce, "Ɗana, kana warkar da bare, ga uwarka a kwance?"

Nan ya kamata in faɗi gaskiya. Kunya ta hana ni, da tsoron kada magana ta fita kasuwata ta mutu. Na ce a raina, in ta ji sanyi a zuciya ai ba asara. Ban karɓi ko sisi ba. Na yi mata wasan tun daga farko har ƙarshe, kuma da yake baki ya saba, na sa makullin ba tare da na yi tunani ba.

Ta tashi da ƙafarta tana murmushi, ta ce, "Halas, shi ke nan, aljanin ya fita. Allah ya yi maka albarka."

Bayan mako guda na ji ta daina zuwa asibiti. Na tafi gidan da gudu, na same ta ƙafafu sun kumbura, tana numfashi da ƙyar. Na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, ƙarya na yi muku. Babu aljani, babu jifa, muryata ce nake sauyawa. Don Allah mu kai ta asibiti yanzu."

Ya dube ni da tausayi, ya dafa kaina. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, ɗana. Ai ka gaya mana za ka zo ka faɗi haka."

Na rantse da Alƙur'ani. Na sauya muryar a gabansu don su gani, abin ya ƙara tabbatar musu. Inna ta juya fuska bango tana karanta Ayatul Kursiyyu, tana neman tsari daga gare ni. Na kawo wani ɗalibin likitanci ɗan Damagaram, suka ƙi buɗe masa ƙofa. Ranar da ta suma aka ɗauke ta zuwa asibiti, likitoci suka ce an makara, can ta rasu.

Ɗalibin nan shi ya kai ƙarata, kuma ban taɓa jin haushinsa ba. 'Yan sanda suka kwashe kyandirori da yadi, waɗansu da na cuta suka fito suka ba da shaida. Na yi shekara uku a kurkuku, daga nan aka sa ni a jirgi zuwa gida. A can ciki ne na gane cewa dokar Duktur ɗaya tilo ma na karya ta. Ban yarda da aljanu ba, amma na yarda da wata tatsuniyar da ta fi su muni, wai wanda ya san ƙarya yake yi yana riƙe da linzaminta.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa. Yanzu gyaran waya nake yi a kasuwa. Ku matasa, musamman masu baki irin nawa, kada wayonku ya ruɗe ku. Duk wanda ya ce muku ƙarya wasa ce in dai kun san ƙarya ce, ku tashi daga wurin. Kai ka sani, wanda ke gabanka bai sani ba, kuma da ransa zai yarda. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi, na kuwa ga kabarinta.

Duk Juma'a ina kiran Baba Idrisa a waya. Abu ɗaya nake nema, ya yafe mini kisan matarsa. Nakan ce, "Baba, ni na kashe Inna." Shi kuma ya ce, "Ba laifinka, ɗana, ka yi iya ƙoƙarinka, aljanin ya fi ƙarfinmu ne. Har yanzu bai sake ka ba? Allah ya yaye maka."