Kawu Ilu da Maganar Izini

Duk wanda ya daɗe a wannan zaure namu na intanet, na 'yan Kazaure da kewaye, ya san yadda Kawu Ilu yake rufe rubutu. Ko layi ɗaya ya yi, sai ya sa a ƙasa: "Rubutun Iliyasu malamin gona ne, Roni. Mai son ɗauka ya nemi izini." Ranar da na sanar da haihuwar 'yata, kowa yana ta Allah ya raya. Shi ma ya rubuta Allah ya raya, ya biyo da layinsa. Na kira shi na ce, "Kawu, Allah ya raya ɗin ma sai an nemi izini?"

Ya ce, "Addu'ar ta kowa ce. Waƙafin nawa ne."

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan, Kawu Ilu yayan mahaifiyata ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagaya ƙauyuka a kan babur yana koya wa manoma aiki, har ya yi ritaya. 'Ya'yansa suka saya masa babbar waya don ya riƙa ganin hotunan jikoki. Bai taɓa buɗe hoton jika ba sai an matsa masa. Zauren nan ya gano, kuma da yake ni ke kula da shi, daga ranar ya daina kirana Habibu, na koma Mai Zaure. Da yatsa ɗaya yake rubutu. Abin da za ku karanta cikin minti biyu, shi tun hantsi yake fama da shi har azahar.

Rubutunsa da ya fi yawo shi ne na adana wake ba tare da magani ba. A shanya shi ya bushe ƙayau, a cika jarka har wuya, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwari su mutu da kansu. Wata rana wani tsohon abokin aikinsa ya turo masa rubutun daga wani zaure na 'yan Babura. Kalma a kalma nasa ne, sai dai a ƙasa sunan wani ɗan kasuwar hatsi ne, Alhaji Sabo. Washegari da safe na buɗe ƙofa a Kazaure na tarar da Kawu a tsaye da jakarsa.

"Mai Zaure, sa takalmi. Babura za mu."

"Kawu, ai sai a tura masa saƙo."

"Ɓarawon akuya ana tura masa saƙo?"

Muka shiga motar haya. Ranar kasuwa ce, kuma ba mu sha wuyar samun mutumin ba. Yana zaune a rumfarsa cikin buhunan gero, yana ciniki da wasu mutanen Nijar. Kawu ya jira suka gama, ya gaisa da shi har da tambayar iyali, sannan ya miƙa masa waya.

Alhaji Sabo ya duba ya yi murmushi. "Baba, ai abin da ke intanet na kowa ne."

Kawu ya cire hularsa, ya ɗauki mudu, ya ɗebo gero ya zuba a ciki, ya juya zai tafi.

"Baba, ina za ka da gerona?"

"A kasuwa na gan shi."

Mutanen rumfar kusa suka fara matsowa. Kawu ya dawo ya zauna a kan buhu, hula a cinya, ya ce, "Cire sunana da ka yi, da shi kaɗai ne da na haƙura zuwa bayan damina. Amma ka yanke layin shanya."

"Ya yi tsawo ne, Baba."

"Karanta abin da matar nan ta rubuta a ƙasa."

Wata mata ce ta ce ta bi bayanin, ta zuba wakenta jarka biyu da ɗanyensa, ta buɗe ta tarar duk ya yi fumfuna, kuma shi ke nan abin da ta noma. Alhaji Sabo ya karanta. A nan zaune Kawu ya sa shi ya sake rubutun, yana faɗa masa yana bugawa, da layin shanya da komai. Ya sa shi ya nemi matar a waya, kuma ba mu bar rumfar ba sai da aka auna mata wake aka ɗora wa mai babur.

Da za mu tashi mutumin ya ce, cikin sanyin murya, "To Baba, in bar rubutun a can?"

"Yanzu ka tambaya. Bar shi."

Sannan Kawu ya juye geron cikin buhu, ya kakkaɓe hular har ƙwayar da ta maƙale a ɗinki. Ya ce bai nemi izininta ba.

Kada ku ɗauka wasu kawai yake yi wa wannan doka. Kansa ya fi takura wa. Farkon wata damina Malama Hansai ta Gwiwa ta rubuta a nan: "An yi ruwa sosai a wajenmu jiya." Kawu yana so ya kai labarin wani ƙaramin zaure na tsofaffin malaman gona. Ya tura mata saƙon neman izini, shiru, ashe wayarta ba caji. Kwana biyu yana jira. A na uku ya tayar da tsohon baburinsa ya nufi Gwiwa. Mijinta ya fito ya ga dattijo da taɓo har gwiwa, ya tambaya ko lafiya. Kawu ya faɗi abin da ya kawo shi. Mijin ya shiga ciki ya daɗe, sai ga muryar Malama Hansai daga bayan labule.

"Malam, ruwan nan ba ni na yi shi ba. Allah ne ya saukar."

"Na sani. Amma ke kika faɗa."

Ta ba shi izini, ta haɗa masa da fura. Da yamma ya sa labarin, da sunanta. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya amsa masa cewa mutanen Gwiwa har sun gama shuka.

Ni ma ban tsira ba. Akwai lokacin da na rubuta dokokin zaure, na sa cewa duk abin da aka rubuta a nan zaure na da ikon yaɗa shi inda ya ga dama. Ban kai ga ajiye wayar ba ya kira.

"Mai Zaure, in na zo gidanka na cire takalmina a zaurenka, ya zama naka?"

"A'a, Kawu."

"To zauren naka ne. Maganar tawa ce."

Na ce doka ce ta kowa da kowa, ba zan canza don mutum ɗaya ba. Ya ce madalla, ya fice. Ya koma rubutu a takarda yana mannawa a ƙofar gidansa a Roni. Masu wucewa suka riƙa ɗaukar hoto suna sawa a nan, har aka fi karanta shi fiye da da. Na je da kaina in nuna masa cewa ficewar ba ta yi amfani ba. Na tarar ya manna wata takarda a sama: "Ba a ɗaukar hoton ƙofar nan." Ita ma an ɗauke ta an sa. Bayan mako biyu na gyara dokar, yadda kuke ganinta yanzu: rubutu na mai shi ne, mai ɗauka ya tambaya, ya faɗi sunan mai shi, kada ya yanke. Ya dawo, amma sai da ya gyara mini kuskuren harafi biyu a ciki.

Sau ɗaya na ga an kayar da shi, kuma a cikin gidansa ne. Matarsa, Inna Uwale, shekara da shekaru yana yi mata bayanin jarka tana zuba wa wakenta toka da barkono yadda ta gada. Wata rana muna cin tuwo ta fito da wayarta tana murna.

"Malam, ka ga abin da aka turo mana a zauren mata. Wani farfesa ne daga ƙasar waje. Ashe a jarka ake zuba wake."

Kawu ya karɓa ya karanta. Rubutunsa ne, har waƙafin.

"Uwale, ni na rubuta wannan."

"Kai dai komai sai ka ce kai ne."

"Na faɗa miki wannan tun kafin a haifi Habibu."

"Ai kai faɗa kake yi. Shi kuwa bayani ya yi."

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Shekarar ta cika jarka huɗu, kuma har ya bar duniya tana yaba wa farfesan.

Bayan sadakar bakwai Inna Uwale ta kira ni ɗaki ta miƙo mini wani tsohon littafi mai bangon kwali, ta ce a ƙarƙashin katifarsa yake. Na buɗe ina tsammanin rubuce-rubucensa ne. Sunaye ne, shafi bayan shafi, da hannunsa. Kowace dabara da ya taɓa koya wa mutane, ya rubuta wanda ya ji ta a bakinsa: wani tsoho a Achilafiya da ya nuna masa yadda ake gane ƙasa ta gaji, wata Bafulatana a bayan Roni da ta faɗa masa ciyawar da ke kumbura shanu, wani makaho a Babura mai gane bushewar hatsi da haƙori. Yawancinsu ya sa "marigayi" a gefe. Ban san ko mutum ɗaya a cikinsu ba, kuma ina jin ba mai tuna su sai shi. Na zauna a bakin gadonsa na karanta har ƙarshe, ban iya tashi da wuri ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabari. Allah ya jiƙan mutanen da ke cikin littafin nan, ya haɗa shi da su a gidan rahama. Allah ya ba Inna Uwale haƙuri. Amin.