Kwanon Farko na Tomie

Shekara arba'in da ɗoriya, duk wanda ya sauko daga dutse da kwandon laimar kwaɗi sai ya biya ta ƙofar Tomie Ogasawara. Ta zube su a tabarma, ta ware na ci, ta watsar da masu dafi, ta haɗa maka da faɗa kyauta. Doka ɗaya gare ta, gadon uwar mijinta: abin da ta ce a ci, ita ke fara shan romonsa. Ba a taɓa kwasar kowa zuwa asibiti ta dalilinta ba.

Sai ga zamanin waya. A ɗauki hoto, a tambaya, amsa ta fito tsaf kamar ta malamin makaranta. Ƙafa ta ɗauke daga ƙofar Tomie, abin kuwa ya ci mata rai, ba ta ɓoye ba.

Ranar walimar gama girbin shinkafa aka ɗora ƙatuwar tukunya a harabar ɗakin taro, mutum sittin na jira, har da yara. Shinji, surukin mai unguwa, ɗan birni, ya iso da kwando fal da laimar kwaɗi. Tomie ta ɗauki ɗaya, ta tsaga gindinta da farce, sai ga baƙin tabo a ciki, alamar dafi. Ta ce ko ɗaya ba za ta shiga tukunyar nan ba.

Shinji ya yi murmushi, ya nuna mata waya, wai shafi biyar na intanet duk sun ce ana ci. Ta ce biyar ɗin banza, ɗaya ne ya yi shirme huɗu suka kwafa. Mai unguwa ya shiga lallashi, kada a kunyata baƙo. Wa ya ga Tomie da lallashi! Ta tsoma laima uku a kwanon romo mai zafi, ta dire shi gaban wayar.

"Ga shi nan. A garin nan wanda ya ce a ci shi ke fara sha."

"Haba Iya, waya ce fa," in ji Shinji.

"Au, ba ta da ciki? To kai ne bakinta, ɗan nan. Ɗauki."

Shinji ya dubi kwanon. Ya dubi 'yarsa Koharu, 'yar shekara huɗu, tsaye a kan gaba a layi, riƙe da nata kwanon da hannu biyu. Da kansa ya kai kwandon rami ya binne.

Tomie ta sha kwanon farko na miyar da ba laima, ta ce gishiri ya yi yawa.